Fasahar Kanikawa a Ƙasar Noma: Bayani a Kan Dasa Nonon Giris a Gaɓar Hannun Lilo na Baburan Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Babur ya zama abin hawan da manomin kudancin jihar Katsina ya fi dogara da shi wajen kai taki gona da fito da amfani zuwa bakin titi. Daga cikin sassansa da ke shan wahala ba tare da an kula da su ba akwai gaɓar da ta haɗa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya da gangar jikin babur. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda gaɓar take aiki, da dalilin saurin lalacewarta a hanyoyin yankin Funtuwa da Malumfashi, da yadda ake huda ta a dasa mata ƙaramin bakin shigar da giris. An nuna inda dabarar ke amfani da inda take jawo ɓarna, sannan an duba kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage. Bayanan sun dogara ne ga lura da aikin kanikawan gefen hanya da kuma sanannun ƙa'idojin aikin ƙarfe.

Fitilun Kalmomi: babur, kanikanci, giris, hannun lilo, aron kalmomi, Funtuwa

1.0 Gabatarwa

Nazarin sana'o'in Hausawa ya daɗe yana karkata ga sana'o'in gado irin su ƙira da jima da rini da saƙa da dukanci. Kanikanci kuwa, duk da cewa ya shafe shekaru masu yawa yana ciyar da gidaje a kowane gari da ƙauye, ba a cika ɗaukarsa a matsayin fagen nazari ba, sai fa idan ana neman misalan kalmomin aro. A ganin mai wannan maƙala, wannan ragi ne, domin a rumfar bakanike ake koyar da ilimi da Hausa tsantsa, daga maigida zuwa yaro, ba littafi ba allo, kamar dai yadda ake yi a maƙera.

Abin da ya jawo hankali ga wannan batu shi ne wata dabara da ta yaɗu a tsakanin masu ƙananan motocin jeji masu taya huɗu a Amurka da Turai. Irin waɗannan motoci sun samo asali ne daga wani mai taya uku da kamfanin Honda ya fitar a 1970, kuma manoma da makiyaya na can suna amfani da su a laka da ruwa. Masu su kan huda gaɓar da ke riƙe da tayoyin baya su dasa mata bakin giris, saboda kamfani yakan fito da ita a rufe. Ba a cika ganin wannan mota a ƙasar Katsina ba. Aikin da take yi a can, babur ne ke yin sa a nan, kuma gaɓar da ake magana a kai tana nan a jikin kowane Boxer da Jincheng da Haojue da ke bin hanyoyin Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume.

Tun da babu daidaitaccen suna a rubuce, an zaɓi a kira ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya “hannun lilo”, a kira wurin da yake juyawa “gaɓa”, a kira ɗan bakin da ake dasawa “nonon giris”. Za a dawo ga dalilin wannan zaɓi a gaba.

2.0 Yankin da Hanyoyinsa

Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Gusau da Sakkwato, kuma layin dogon da ya isa Ƙaurar Namoda a 1929 ya ratsa ta. Auduga ce ta fara ɗaga sunan garin, daga baya masara da dawa da waken suya suka mamaye gonaki, ga kuma rake da tumatir a wajen Ɗanja. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya shimfiɗa hanyoyin karkara na jan ƙasa, ya kuma yaɗa takin zamani da irin masara. Wannan tarihi yana da nasaba da batunmu ta fuska biyu. Ta farko, yawancin hanyar da ke tsakanin gona da kasuwa har yau ba ta da kwalta. Ta biyu, yankin ya saba da tarakta da manyan motoci da injinan niƙa da na gurzar auduga, waɗanda duk jikinsu cike yake da nonon giris. Famfon giris ba baƙo ba ne a Funtuwa. A rumfar masu gyaran babur ne kawai ba a cika ganinsa ba.

Shekara a nan ta kasu gida biyu ga ƙarfe. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa ne da laka, babur yana ƙetare rafi da kwari, wani lokaci ruwa ya kai ga gaɓar kanta. Da kaka ta yi sai lodi, domin abu ne da aka saba gani a ɗora buhun masara biyu, kowanne mai kilo 100, a kan babur ɗin da shi kansa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba. Daga nan sai hunturu da ƙurarsa, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta haɗu da ƙurar jan ƙasar da tayoyi ke tayarwa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara ya tashi, tun da kusan duka daga Indiya da Sin ake shigo da su. Abin da a da ake cewa “a canza kawai”, yanzu sai an yi shawara.

3.0 Yadda Gaɓar Take

Hannun lilo yana da reshe biyu da suka rungumi tayar baya. A gaba, rassan sun haɗu da wani bututun ƙarfe da ke kwance a gicciye. Dogon noti guda ɗaya ne ke ratsa gangar jikin babur daga wannan gefe, ya bi ta cikin bututun, ya fita ta wancan gefe. A kan wannan noti hannun ke lilo sama da ƙasa duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, shokozoba kuma tana tare shi. Ƙarfen bututun ba ya gogar notin kai tsaye. A kowane bakin bututun akwai wani abu da aka cusa domin ya ɗauki gugar, kuma irin wannan abu shi ne ke yanke hukunci a kan ko dasa nonon giris zai yi amfani ko ba zai yi ba.

Iri na farko shi ne bushin roba: ƙaramin bututu a cikin babba, an cika tsakaninsu da roba an manne. A irin wannan babu abin da ke gogar wani. Robar ce ke murɗawa tana komawa, kamar yadda ake murɗa ɗanyen tsumma. Iri na biyu shi ne bushi mai santsi, na tagulla ko na roba mai tauri, wanda ke juyawa a kan wani gogaggen bututu da notin ya matse. Iri na uku shi ne boris mai allurai, wato jerin siraran ƙarafa da ke mirginawa tsakanin bututu biyu, da zoben roba a waje mai hana datti shiga. Na biyu da na uku suna rayuwa ne da giris. Na farko ba ya buƙatarsa, hasali ma man da ke cikin giris yana kumbura robar asali ya ruɓar da ita.

Akwai wani abu game da motsin wannan gaɓa da ya sa ta fi boris ɗin taya saurin bushewa. Taya tana zagayawa gaba ɗaya, don haka tana ta rarraba giris ɗinta. Gaɓar hannun lilo kuwa ba ta taɓa zagayawa. Ɗan kai-komo ne kawai take yi a wuri guda, sau dubbai a tafiya ɗaya. Wannan kai-komo yana ture giris daga daidai inda nauyi ya danne, ya tara shi a gefe, ya bar ƙarfe a kan ƙarfe. Idan ruwa ya shiga ya kwana, tsatsa ta kama. Idan ƙura ta shiga ta tarar da ragowar maiƙo, sai su cakuɗe su zama kamar garin wasa wuƙa, domin ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarafan da ke wurin tauri. Ba a ganin wannan ɓarna daga waje. Kunne ne ke fara jin ta, sai kuma mazaunin mahayi.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin da ya sa ƙaramar rawa a gaɓa ke zama babba a taya. A ɗauka, a matsayin misali, tazarar da ke tsakanin bushi biyu santimita 20 ce, tsawon hannun kuma daga gaɓa zuwa tsakiyar taya santimita 50. Idan kowane bushi ya ci da rabin milimita, ɗaya ya karkata gaba ɗaya ya karkata baya, tsakiyar taya za ta kauce da milimita 2.5, bayan tayar kuma ya kauce da abin da ya kai milimita 4. Ga wanda ke tafiya shi kaɗai a kan kwalta, wannan ɗan lanƙwasa ne da yake ji a kwana. Ga wanda ya ɗauko buhu biyu a kan hanyar da ruwa ya zaizaye, tayar baya ce ke zaɓar hanyarta daban da ta gaba. Sarƙa kuma ba ta ƙara tafiya a miƙe: tana cin haƙoran faifanta ta gefe guda, tana sassautawa tana tsukewa, wata rana ta zame. Sarƙar da ta zame ta maƙale tana iya tsayar da taya cak, kuma mai lodi ba ya da damar sa ƙafa ya tare.

Gwajin mai sauƙi ne, kowane ƙwararren bakanike ya san shi. A ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, a kama ƙarshen hannun lilon, a girgiza shi dama da hagu. Muhimmin abu shi ne a kama hannun, ba tayar ba, domin idan taya aka kama, rawar boris ɗin taya da rawar gaɓa sukan rikita mutum. Sau da yawa an canza boris ɗin taya mai lafiya, mai babur ya biya, rawar tana nan.

4.0 Nonon Giris da Giris ɗin Kansa

Nonon giris ɗan ƙarfe ne da bai kai kan yatsa ba. Gindinsa yana da zare irin na noti, kansa a dunƙule yake domin bakin famfo ya cafke shi, a cikinsa kuma akwai ƙwallon ƙarfe ƙarami da waya mai tsalle ke dannawa zuwa sama. Idan famfo ya turo giris, ƙwallon ya ja baya ya ba da hanya. Idan aka cire famfo, ya koma ya toshe. Sigar da aka fi sani a yau ta Oscar Zerk ce, wani injiniya haifaffen Biyana da ya yi hijira zuwa Amurka, wanda aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1929, kamfanin Alemite kuma ya yaɗa ta. Akwai miƙaƙƙe, akwai mai karkata rabi, akwai mai lanƙwasa sosai domin lungu. Wasu baburan Japan na shekarun 1970 sun zo da shi a gaɓar hannun lilo tun daga kamfani. Daga baya aka riƙa barinsa, domin rage kuɗin ƙira da kuma zaton cewa mai babur zai riƙa kai shi a kwance gaɓar a wanke a shafa sabon giris lokaci-lokaci. Wannan zato bai yi daidai da yadda ake riƙon babur a karkara ba, inda ba a kwance abin da bai yi kuka ba.

Shi kuwa giris, mai ne da aka daskarar da shi da wani nau'in sabulu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Mafi yawan wanda ake sayarwa na sabulun litiyam ne, mai jure zafi gwargwado. Na kalsiyam ya fi jure ruwa amma ba ya son zafi, kuma tun da gaɓar nan ba ta ɗaukar zafi sosai, shi ma ya wadatar. Ana auna kaurinsa da ma'aunin cibiyar NLGI ta Amurka, daga 000 mai kama da ruwa zuwa 6 mai kama da sabulun wanka, kuma lamba 2 ce ta dace da wannan aiki. Abin da ya fi irin giris muhimmanci a nan shi ne tsabtarsa. Wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen gwangwani a gefen titi, a ƙulla a leda, ya riga ya sha ƙura kafin ya isa ga babur. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke ɗigawa a gaɓa kamar yadda ake yi wa amalanke, yana kashe kukan na kwana biyu, amma ba ya zama a wurin, kuma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe.

5.0 Yadda Ake Dasawa

Aikin yana farawa ne da kwance hannun lilon gaba ɗaya: a cire taya, a saki shokozoba da sandar birki, a zare dogon notin. Wanda ya huda bututun yana jikin babur ya zuba ɓurɓushin ƙarfe ke nan a cikin wurin da yake son karewa. Kafin a kwance, sai a duba a yi alama a inda bakin famfo zai iya isa bayan an mayar da komai. Tsakiyar bututun, tsakanin bushi biyu, shi ne wurin da aka saba zaɓa. A guji layin walda, a kuma guji ƙasan bututun sosai, inda dutse da kututture ke bugawa, domin nonon da ya karye ya bar rami buɗe ya fi rashinsa muni.

Bayan an fitar da bushi da bututun ciki, a buga ɗan tabo da ƙusa mai kaifi domin kada bakin injin huda ya zame a kan ƙarfe mai zagaye. A fara da siririn baki na milimita 3, sannan a faɗaɗa. Ga nono mai zaren M6×1, wanda shi ya fi samuwa kuma ya fi dacewa da ƙaramin bututu, ramin ƙarshe milimita 5 ne daidai. Idan ya wuce haka zaren ba zai kama ba. Sai a yanka zare da ƙarfen yanka zare, a riƙe shi a tsaye, a ɗiga masa mai, ana murɗa rabin zagaye gaba ana ɗan komawa baya domin ɓurɓushin ya karye.

A nan ne matsala ta farko take. Kaurin bangon bututun a ƙananan babura yakan kasance milimita 2 zuwa 3 ne, wato zare biyu ko uku kacal zai samu, kuma hakan ba ya daɗewa a hanyar da ke girgiza komai. Dabarar da masu walda suka sani ita ce a ɗora ƙaramin noti mai zaren M6 a kan ramin a yi masa walda, sai nonon ya samu wurin kamawa mai zurfi. Wannan yana da wata fa'ida kuma: gindin nonon ba zai leƙa cikin bututun ya tokare bututun ciki ba. Idan ya tokare, ko dai giris ya rasa hanyar fita, ko kuma gindin ya riƙa karce abin da ke juyawa. Dole a yi waldar kafin a mayar da bushi da zoben roba, domin zafi zai narka su. Daga nan a goge bakin ramin ta ciki, a wanke bututun da kananzir har sai tsumma ya fito fes.

Matsala ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa, kuma ita ce ke raba aikin gwani da na mai kwaikwayo. Shigar giris cikin bututu ba ya nufin ya isa inda ake buƙata. Sai an bi hanyarsa da ido tun daga nono har zuwa waje. Zai fara cika sararin da ke tsakiya, daga nan ya nemi ratsawa tsakanin bushi da bututun da yake juyawa a kai. Idan bushin ya matse sosai kuma ba shi da kwari a cikinsa, giris ba zai wuce ba. Sai an yanka masa ɗan siririn kwari, wanda ya fi kyau ya zama mai karkacewa, domin ya zagaya da giris ɗin ko'ina. Idan boris ne mai rufi ta fuska biyu, sai an ɓamɓare rufin da ke kallon ciki, a bar na waje. Sannan sai tsohon giris ya samu mafita, domin amfanin dabarar duka shi ne sabo ya turo tsoho da dattinsa waje. Famfon hannu yana da ƙarfin da ya ninka iskar taya sau ɗari da ɗoriya. Idan zoben robar waje ya toshe hanya gam, famfon zai tumɓuke shi daga mazauninsa, ko ya turo bushin kansa. Saboda haka ake bugawa a hankali, ana duban gefe biyu, a tsaya da zarar sabon giris ya leƙo. Sau da yawa gefe ɗaya ne ke fitarwa, ɗayan ya zauna a bushe, tun da giris yana bin hanya mafi sauƙi ne. Maganin wannan shi ne nono biyu, kowanne kusa da bushinsa, a inda faɗin bututun ya ba da dama.

Akwai masu huda dogon notin kansa ta tsawonsa, su yi masa ƙananan ramuka a gicciye daidai kowane bushi, su dasa nonon a kansa. Kamfanoni sun yi haka a wasu babura, amma da notin da aka ƙera domin hakan. Huda siririn notin babur ɗin da ke ɗaukar kilo 200 na hatsi, a kuma yi ramin gicciye a daidai inda nauyi ya fi danne shi, kasada ce da ba ta cancanci ribarta ba. Ra'ayin mai wannan maƙala shi ne a bar noti yadda yake.

5.1 Inda Bai Kamata a Yi Ba

Yawancin ƙananan baburan haya da na gona suna zuwa ne da bushin roba. A kan irinsu, da muguwar rawa gara ƙin tashi: nonon giris ba zai ƙara komai ba sai saurin ruɓewar robar. Abin da bushin roba ke buƙata daban ne. Idan an sa sabo, kada a ɗaure dogon notin tamau babur yana rataye a kan jak. A sauke shi ƙasa, mutum ya hau, sannan a ɗaure. In ba haka ba, robar za ta zauna a murɗe tun kafin a ɗora kaya, lodi kuma ya ƙarasa yaga ta. Wannan kuskure kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa wasu ke kukan cewa bushin yanzu ba ya ƙarko, ko da yake gaskiya ne akwai marasa kyau a kasuwa. Ɗan giris da za a shafa wa jikin notin kansa, domin kada tsatsa ta manne shi da bututun ciki, wannan ba laifi, matuƙar bai taɓa robar ba.

Wasu masu ɗaukar kaya sukan gaji da canza roba, su je wurin masu sassaƙar ƙarfe da inji a fitar musu da bushin tagulla da bututun da zai juya a kai, sannan a dasa nono. Wannan yana kawar da lanƙwasar baya a ƙarƙashin lodi, kuma yana daɗewa. Sai dai ya mayar da gaɓar da ba ta neman kulawa ta zama mai nema kullum. Tagullar da aka bari ta bushe za ta ci fiye da robar da aka cire. Ga keke mai taya uku na fasinja, wanda kowace tayar bayansa ke da hannunta, ƙa'idar ɗaya ce. Na ɗaukar kaya kuwa, wanda ake kira kurkura, bayansa a kan sifirin yake kamar mota, don haka wuraren giris ɗinsa su ne ƙusoshin da sifirin ke rataye a kai.

6.0 Harshen Rumfar Bakanike

Kalmomin wannan fage sun kasu biyu a fili. Sunayen kaya kusan duk aro ne daga Ingilishi, an daidaita su da tsarin gaɓar Hausa, wanda ba ya yarda baƙi biyu su buɗe kalma. Shi ya sa aka saƙa wasali aka samu giris da birki da sifana da sifirin. Wasu an haɗe kalma biyu sun zama ɗaya har asalin ya ɓace wa mai magana, kamar boris da shokozoba. Amma da zarar an zo ga bayyana halin da ƙarfe yake ciki, sai aro ya ƙare, Hausa ta karɓi aikin. Bushi yana “ci”, gaɓa tana “kuka”, taya tana “rawa” ko “wasa”, inji yana “shan” mai, noti yana “kamawa” ko ya “ƙi”, zare yana “mutuwa”. Babur a bakin bakanike abu ne mai rai, kuma sassansa sassan jiki ne: yana da kai da wuya da ciki da gindi, faifan sarƙa yana da haƙora, famfo yana da baki.

A kan wannan ɗabi'a ta harshen aka dogara wajen zaɓar “hannun lilo” da “gaɓa” da “nonon giris”. Ba a ƙirƙire su domin a kori kalmomin aro daga bakin masu sana'a ba, wanda ba zai yiwu ba, ba kuma a buƙatarsa. Amfaninsu shi ne suna ɗauke da bayani a cikinsu. Yaron da aka ce masa wannan gaɓa ce, ya riga ya san cewa tana motsi, tana iya sandarewa, tana kuma iya gocewa. Kalmar aro ba ta gaya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin lura kuma shi ne, kalmar “ci” ɗaya ce ake amfani da ita ga robar da ta yage da tagullar da ta goge da allurar boris da ta yi tsatsa, alhali cuta uku ce mai magani uku. Inda harshe bai bambanta ba, hannu ma yakan kasa bambantawa, sai a ga an yi wa bushin roba maganin da ya dace da na tagulla.

7.0 Bayan Dasawa

Karo na farko yana cin giris da yawa, domin sai sararin tsakiya ya cika. Bayan haka bugu biyu ko uku ya isa. Kafin a ɗora bakin famfo, a goge kan nonon da tsumma mai tsabta, in ba haka ba ƙurar da ta taru a kansa ita za a fara turawa ciki. Bayan an gama, a goge wanda ya fito ta gefe, a bar ɗan siririn zobe kawai. Ana iya rufe kan nonon da guntun tiyo na roba. Yana da kyau a yi bugun babur yana kan jak ɗin tsakiya, nauyi ya sauka daga gaɓar, ana ɗan motsa hannun sama da ƙasa domin giris ya zagaya.

Game da lokaci, ƙidayar kilomita ba ta da amfani ga baburan da agogon tafiyarsu ya daɗe da mutuwa. Ya fi dacewa a ɗaura abin a kan al'adar da mai babur ya riga ya saba da ita. Juyen baƙin mai shi ne gyaran da kusan kowa ke kiyayewa, don haka a haɗa su: duk ranar juye, a buga giris. Da damina kuwa, duk ranar da ruwan rafi ya kai gaɓar, ko aka wanke babur da injin feshi mai ƙarfi, a buga a ranar, kada a bari ruwan ya kwana. Sai kuma a farkon kaka, kafin a fara jigilar masara zuwa kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa, a ɗora shi a jak a girgiza hannun. Nonon giris ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya goge. Idan akwai rawa a lokacin, sabon bushi ake nema.

Cikas ɗin da ya rage shi ne famfon. Manomi ba zai sayi famfo domin nono ɗaya ba, kuma mai gyaran babur a ƙauye ba shi da dalilin ajiye shi idan babura biyu ko uku ne kawai ke da wurin sa shi. A cikin Funtuwa da Malumfashi ana iya tsayawa wurin masu gyaran tarakta ko manyan motoci a buga. A ƙauyukan da ke nesa da titi, mai injin niƙa ko mai injin casar masara ne ya fi yiwuwa a samu famfo a hannunsa, kuma bakin famfonsa yana hawa kan nonon M6 kamar yadda yake hawa na injinsa.